Sun Saka Babana a Rukuni na Huɗu

Ku da kuka cika min waya da saƙo wai in daina jan aji in amsa wa bawan Allahn nan, to yau ku gyara zama. In kun gama karantawa sai ku sake ba ni shawarar in ji. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sannu da zuwa, ba za ka ɓata ba. Ni ce autar gidanmu, kuma Auta kowa yake ce min, har a wurin aiki. Aikin nawa yawo ne gida-gida da kwamfutar hannu, ina tambayar mutane abin da ba ruwana: da me kuke girki, ina kuke zubar da shara, leda in kun gama da ita yaya kuke yi. Wasu su ba ni kujera da ruwa, wasu su yi min kallon wadda ta zo leƙen asiri.

Wata ƙungiya ce ta bai wa kamfanin bincikenmu kwangila. Za ta raba murhun gas da tukunyarsa, manya na masu abincin sayarwa da ƙanana na gida, kuma ta riƙa tallafawa wajen cika tukunyar. Sai dai ba zai isa kowa ba, dole a tace. In mun kwaso amsoshin jama'a, kwamfuta ce take kasa mutane kashi huɗu. Na farko 'Yan Gaba, waɗanda tuni suka bar itace, ba sa jiran kowa. Na biyu Masu Niyya, suna so babu hali, su ne za a bai wa murhun. Na uku 'Yan Kallo, sai sun ga maƙwabci ya yi sannan su motsa, su rediyo za a sa ya yi ta damunsu. Na huɗun kuwa 'Yan Ba-Ruwana muke ce musu a ofis, mu kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar nan, har da riƙe ciki.

Ban taɓa shakkar inda gidanmu zai faɗa ba. Umma abincin sayarwa take yi wa leburori da 'yan gareji tun kafin a haife ni, a wata rumfar kwano da ke bayan gida. Bangon wurin ya yi baƙi ƙirin, in ka jingina da shi sai dai ka sake kaya. Tarinta ne yake tashina da safe, ba ƙararrawar waya ba. Ranar da na kai ta asibiti, likita ya ɗaga hoton ƙirjinta sama, ya daɗe yana kallo, sannan ya ja ni gefe.

"Tana shan taba ne?"

Umma fa! Na ce masa girki take yi da itace.

Ya ce, "To ita ce tabar. Ko ta bar hayaƙin nan, ko ku fara shirin kwanciyar da ba a cika sallama ba."

Na san za ku ce to ta daina girkin mana. Ta daina mu ci me? Baba direban babbar mota ne a da, tun da bayansa ya samu matsala kamfani ya sallame shi. Yanzu daga tabarma sai kujera, rediyo a kunne, da agogon da suka ba shi ranar sallama ɗaure a hannu. Agogon ya daɗe da tsayawa, gilashinsa ma ya tsage, amma ko wanka zai shiga sai ya ajiye shi inda idonsa zai gani. Ɗan abin da nake samu kuwa a maganin Umma yake ƙarewa. Tukunyar girkin nan ita ce ta riƙe gidan, ita ce kuma take cin mai ita. Shi ya sa na ɗora raina kacokan a kan murhun ƙungiyar nan.

Yanzu mu zo kan mutumin naku. Shi ne shugaban sashen da ke tace bayanai a ofishinmu. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, ita ta raɗa masa Mai Gora, don ko ina za shi da gorar ruwansa ta ƙarfe a hannu. Farar riga mai dogon hannu naɗe zuwa gwiwar hannu, jakar yadi a kafaɗa, in mai shago ya miƙo masa leda sai ya ce a'a na gode, ya rungumi kayansa a ƙirji. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Ina son yadda yake sauraron magana har ƙarshe ba ya katse mutum. Ya fara zuwa gidanmu gaisuwa, kowa a layinmu ya san motarsa, Gwaggo kuwa tuni ta gama ɗaura auren a zuciyarta.

"Ke dai Auta ban san me kike jira ba. Mutum da aikinsa, da motarsa, ga kunya. Ko so kike sai wata mai wayo ta ɗauke shi ki zo kina mana kuka?"

Umma ba ta da hayaniya, amma nata matsin ya fi ciwo. Sai ta bari tarin ya lafa, ta goge ido da gefen zani, ta ce, "Ni dai in ga ɗakinki da idona, shi ke nan."

A aikinmu akwai doka: ma'aikaci ba ya tambayar layinsu, don kada ya gyara wa 'yan'uwansa amsa. Da aka zo rabon unguwanni sai wayata ta yi ƙara.

Shi: Layinku ya fito a cikin waɗanda za a shiga.

Ni: Alhamdulillahi! Wa za a tura?

Shi: Ni da kaina. Na daɗe ban fita fili ba. Kuma uzuri ne na ganin Baba.

Ni: Baba kawai?

Shi: Ke ai an tura ki can bayan kasuwa ranar, kada ki saci amsa.

Na yi ta murmushi ni kaɗai kamar sabuwar kamu. Da daɗin bakina na faɗa a tsakar gida cewa Mai Gora ne zai zo ya zagaya layinmu gida-gida. Gwaggo tana tsintar shinkafa, na ga hannunta ya tsaya, amma ban kawo komai a raina ba.

Ranar na wuni a bayan kasuwa, na dawo da yamma ƙafafuna duk ƙura. Tun daga bakin layi na ga abin mamaki: an share ko'ina tas, kwatar da ke ƙofar gidan mai wanki an rufe ta da katako. A gidanmu an sa sabon labule, an fito da kofunan gilashin da ke cikin kwaba tun bikin yayata. Baba yana zaune da babbar rigarsa ruwan toka, wadda ba ya taɓawa sai da dalili. Rumfar Umma kuwa an rufe ta da tsohon bargo, ba a hura wuta ba ranar.

Gwaggo ta tare ni da guɗa ƙasa-ƙasa. "Yau mun fitar da ke kunya, 'yar nan. Duk layin nan sun yi miki kara."

Na ce Allah ya saka, na wuce na watsa ruwa. Wallahi ban fahimci abin da take nufi ba.

Sai ranar da aka kira taron bayyana sakamako. Na ci ado, ba zan ɓoye ba: doguwar riga ruwan ganye da na ɗinka musamman, mayafi fari, da ɗan turaren da shi ya ba ni. Ɗakin taron sanyi kamar cikin firji, ga mutanen ƙungiyar a gaba da kwamfutocinsu, ga shugabar kamfaninmu tana ta washe baki. Mu 'yan yawon gida-gida aka jera mu a baya. Mai Gora ya tashi, ya ajiye gorarsa a kan tebur, ya kunna majigi.

Taswirar gari ta fito, kowace unguwa da launinta. Kore na 'Yan Gaba, shuɗi na Masu Niyya, rawaya na 'Yan Kallo, ja na 'Yan Ba-Ruwana. Idona ya bi babban titi, ya wuce gidan mai, ya karya kwana wajen gareji. Na ƙifta ido na sake dubawa. Layinmu ja ne wur daga farko har ƙarshe, alhali layukan da ke kewaye da mu duk shuɗi ne.

Na ce a raina kuskure ne, yanzu zai gyara. Ai ya san Umma, ya sha jin tarinta daga zaure... daga falo ma, in ya zo gaisuwa.

A irin wannan aikin, kowane rukuni ana yi masa fuska. A ɗauko mutum guda a ce ga misalinsu, a sa masa laƙabi, a kawo kalamansa, don masu kuɗin su ji kamar sun san shi. Ya nuna matashiyar 'Yan Gaba da kekenta. Ya nuna wata mai shayi ta Masu Niyya, aka yi ta gyaɗa kai cikin tausayi. Da ya zo na huɗu sai ya ɗan yi murmushi.

"Wannan kuma shi ne Baba Ba-Ruwana."

Ba a nuna fuska ba, doka ta hana. Hannu ne kawai riƙe da ƙaramar rediyo, da hannun riga ruwan toka, da agogo mai tsagaggen gilashi. Jama'a, ko cikin hannu dubu aka sa shi zan gane hannun da ya riƙe ni ya kai ni makaranta.

Mai Gora ya karanto abin da ke ƙasan hoton, har yana ɗan kwaikwayon muryar tsofaffi. "Ba tsada ce ta hana mu ba, ra'ayi ne. Mu nan ba ma neman komai wurin kowa. Hayaƙi kuwa da shi muka girma, ga mu nan garau."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Wata daga cikin baƙin ta ce wallahi ta san irinsu, kawunta ma haka yake. Wanda ke kusa da ni ya zungure ni da gwiwar hannu wai in ji tsoho da ƙarfin hali.

"Shawararmu," in ji Mai Gora, "kada a ɓata kaya a kan wannan rukuni. Ko an ba su, sayarwa za su yi ko su ajiye a ƙarƙashin gado. A fara da masu so."

Aka tafa. Ban san lokacin da na tashi na fita ba.

A kan matattakala ya same ni, yana saukowa da sauri, gorar tana bugun ƙarfen dafawa.

"Auta, tsaya mana. Ba wanda ya san shi ne."

"Ni na sani! Kai ma ka sani! Hannun ubana ka ɗauka ka kafa a bango ana yi masa dariya?"

"Na nemi izininsa kafin in ɗauka. Ya ce in ɗauka."

"Ya san abin da za ka yi da shi?"

Ya sassauta murya, irin yadda yake yi in yana koya wa sababbin ma'aikata aiki. "Ki fahimce ni. Abin da suka faɗa na rubuta. Gida-gida na bi, duk bakinsu ɗaya: ba sa buƙata, ba abin da ya dame su. Mai wanki ma cewa ya yi gas ɗinsa ne ya ƙare jiya. In na canza amsar mutum don na san shi, to aikin me nake yi?"

"Mai wanki da gawayi yake guga tun ina goye! Ba ka da ido ne? Ba ka ji tarin Umma ba?"

"Ranar ban ji ba. An ce min ta fita unguwa."

Ashe ɗaki suka sa ta, ta danne tarin da filo har ya gama ya tafi. Daga baya ita da bakinta ta faɗa min.

Ya matso. "Ki bar wannan. Murhun nawa yake? Ni zan saya wa Umma, gobe ma."

"Baban da ya kasa ce maka ba shi da hali, shi ne zai miƙa hannu ya karɓa daga wurinka? Kuma sauran layin fa? Matar mai gareji da jaririnta a bakin murhu, ita wa zai saya mata?"

Ya shafa kai, ya kalli gorarsa. "To in Baba zai sake amsawa, ya faɗi gaskiya da bakinsa, zan ga abin da zan iya yi."

Wannan kalmar na riƙe na tafi gida da ita. Zan ga abin da zan iya yi.

Na tarar da Umma a rumfa, itacen ɗanye ne, hayaƙi ya turnuƙe har ba ka ganin fuskarta sosai. Tana juya tukunya da hannu ɗaya, ɗayan dafe da ƙirji. Gwaggo tana gefe tana zuba abinci a kwanukan 'yan gareji. Ko mayafi ban cire ba.

"Gwaggo, me kika ce wa mutanen layin nan?"

"Au, sai yau za ki yi godiya? Gida-gida na bi da ƙafata. Na ce musu mai neman Auta ne zai zo, ɗan manyan mutane, kowa ya rufa mana asiri. Kada in ji wani ya buɗe baki yana kukan babu a gabansa, ya je ya ce gidan matsiyata zai nemi aure. Kuma wallahi sun yi ƙoƙari, har mai wanki..."

"Kin kashe mu, Gwaggo."

"Ke! Ni kike faɗa wa haka?"

"Kin kashe mu! Tambayoyin nan na rabon murhu ne. Wanda ya ce yana so babu hali, shi za a ba. Ku kuka ce ba kwa so. An shafa wa layinmu jan fenti, an ce ko kyauta kada a ba mu. Murhun da likita ya ce shi ne ran Umma, kun mayar da shi da bakinku saboda a ce muna da rufin asiri!"

Ludayin ya faɗi daga hannun Gwaggo. "Ni... ni gata na yi miki. Wa ya san..." Sai ta zauna daɓas a kan turmi ta ja mayafi ta rufe fuska. Na so in ci gaba da zazzaga mata, amma na kasa, don na san da gaske gatan ta yi nufi.

Umma ta ce, "Ya isa, Auta, kada babanki ya..." Tarin ya sarƙe ta. Wannan karon bai tsaya da wuri ba. Ta durƙusa, na riƙe ta, na lalubo abin shaƙarta a ƙugun zani na sa mata a baki. Da ta ɗago ta yi saurin dunƙule tsumman da ta toshe baki da shi, amma na riga na ga abin da ke jiki, kuma ba ni kaɗai na gani ba.

Baba yana tsaye a bakin rumfar, dafe da bango. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Rediyon tana hannunsa a kashe.

"Abin da kika faɗa gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Maganata ce ta hana?"

Ban gaya masa zancen hoton ba, kuma har in mutu ba zan gaya masa ba. Na dai ce Mai Gora ya ce in aka sake amsawa zai duba.

Baba ya daɗe yana kallon tsumman da ke hannun Umma. Sannan ya ce, "Kira shi."

Washegari da la'asar ya zo. Gwaggo ta ɗauko kofunan gilashi, Baba ya ce ta mayar. Ta ɗauko babbar riga, ya ce ta bar ta. Da tsohuwar singiletinsa da zanin da yake ɗaurawa saboda ciwon baya ya fito. Bai karɓi baƙon a falo ba, ya sa aka kai kujeru biyu bakin rumfar Umma, wuta tana ci, hayaƙi yana shiga idon kowa.

Mai Gora ya durƙusa. "Baba, mun same ku lafiya?"

"Tashi ka zauna, ɗana. Kunna abin naka."

Ya ciro wayarsa ya danna wurin ɗaukar murya, ya ajiye a gwiwa. Ni ina tsaye a jikin ƙofa.

"Ranar da ka zo na yi maka ƙarya," in ji Baba. "Ka tambaye ni me ya hana mu gas, na ce ra'ayi. Ba ra'ayi ba ne. Ba ni da shi ne." Ya kalli Umma. "Ni da ka gani, rabon da in kawo ko ƙwayar shinkafa gidan nan da gumina har na manta. Matar nan ita take ciyar da ni. Hayaƙin da na ce maka da shi muka girma, ita take shaƙa, ni ina ɗaki da rediyo. Na ji kunyar ka ne, don kana neman 'yata. Na fi son ka ɗauke ni mai taurin kai da ka ɗauke ni wanda ya kasa."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da aka dawo da shi daga asibiti a kwance. Ya sa bayan hannu ya goge, agogon ya karce masa kunci.

"Duk layin nan haka suke. Don ni suka yi, don yarinyar nan. Ka rubuta muna so. Ka rubuta ni na roƙa."

Umma tana kuka mara sauti a bayan tukunya. Gwaggo ta shige ɗaki. Mai Gora kansa idonsa ya yi ja, ko hayaƙi ne ko tausayi, Allah masani. Ya kashe wayar ya ce, "Na gode, Baba. Wannan magana ba za ta faɗi ƙasa banza ba."

Baba ya kama hannunsa da hannu biyu. "Allah ya yi maka albarka."

Na raka shi wajen mota zuciyata fes, har ina jin kunyar ihun da na yi masa a matattakala. Na ce a raina, Auta, mutumin kirki ne, ki daina wahalar da shi. Ya buɗe ƙofa ya ajiye gorar, bai shiga ba.

"Yaushe za a gyara taswirar?" na tambaya.

Ya kalli ƙarshen layi. "Auta, rahoton ya riga ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Ƙungiyar ta karɓa tun a wurin taron, sun sa hannu. An rufe. Ba mai iya taɓa shi yanzu, ko shugaba."

"Tun a wurin taron. Wato lokacin da ka ce min za ka ga abin da za ka iya yi, ka san an rufe."

"Kina kuka, ban san me zan ce miki ba. Amma ki saurara, abin da Baba ya faɗa yau zinariya ne. Ya nuna akwai rukunin da ba mu gano ba, masu so amma kunya ta hana su faɗa. In na kai musu muryar nan, wataƙila a zagaye na biyu, in an samu kuɗi, baɗi ko..."

"Baɗi."

"Ba alkawari na yi ba, amma..."

"Ka zauna kana kallo dattijo ya tuɓe girmansa a gabanka, ka bar shi ya kai ƙarshe, kana sane babu abin da zai samu?"

"Bayani ne mai amfani, Auta. Zai taimaki dubban mutane."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba mugunta a fuskarsa. Da gaske yake. Wannan sauraron nasa da nake so, wanda ba ya katse mutum, yau na ga ɗaya fuskar tasa.

Na miƙa hannu. "Goge muryar."

Ya mayar da wayar aljihu a hankali. "Ki huce tukuna, za mu yi magana." Ya shiga mota ya tayar.

Bai kai bakin titi ba saƙonsa ya shigo.

Shi: Ki yi haƙuri. Maganar murhun da na ce zan saya tana nan. In manyana suka zo aka sa rana, ai na zama ɗan gida, Baba ba zai ƙi karɓa ba. Ki yi tunani, saboda Umma.

Na karanta na sake karantawa a tsaye a bakin ƙofa. Ku da kuke ce min in amsa masa, ga shi nan ya kawo muku hujja. Numfashin uwata a hannu ɗaya, muryar ubana a aljihunsa.

Na tura ƙofa na shiga. Daga bayan gida nake jin ƙarar tsintsiya. Baba ne, mutumin da likita ya hana sunkuyawa, ya ja buhunan gawayi gefe, ya kwashe tarkacen da ke kusurwar rumfar, yana share wurin a duƙe, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Umma tana cewa ya bari haka nan, yana ce mata ta yi shiru ta huta, kwanan hayaƙinta ya ƙare. Da ya ji motsina ya ɗago, fuskarsa duk toka, yana murmushin da na daɗe ban gani ba.

"Yauwa Auta, zo ki duba, ke kika san girman murhun. Nan ya isa, ko in ƙara matsar da buhunan?"

Wayar tana hannuna, saƙon a buɗe. Na kalli kusurwar da ya share, na kalli Umma da ta zuba min ido ta cikin hayaƙi.

Na ce, "Ya isa, Baba."